An Ce Jininta Ya Yi Ƙasa, To Ina Yake Tafiya?

Wata ranar Juma'a, bayan an taso daga kasuwar Wudil, na ratsa Dagumawa don gaida wata goggona, kuma har yanzu raina bai daina sosuwa ba. Matar da na sani kakkaura mai kazar-kazar, wadda ke gama surfe da daka kafin yara su farka, yanzu sai ta ninka zani kafin ya kama ƙugunta. Tafin hannunta fari fat, gefen bakinta ya tsattsage, harshenta ya yi ja ya yi sumul. Ta ce ƙafafunta suna sagewa, da dare kuma su yi ta zugi. A kan tagar ɗakin kwalaben maganin ƙarin jini ne a jere, wani ja, wani baƙi, wani da hoton ƙato mai murɗaɗɗen dantse. Ga gwangwanayen madara, ga ƙullin karan dafi, ga busasshen ganyen ugu da wata maƙwabciya ta kawo.

"Goggo, me aka ce yana damun ki?"

"Ɗan nan, an ce jinina ya yi ƙasa. Da kuma maleriya da taifot."

"To me ya sa ya yi ƙasa?"

Ta dube ni da mamaki, ta ce wannan kuma ai sai Allah. Sai da surukarta ta rako ni zaure ta rage murya ta faɗa mini abin da tsohuwar ke jin nauyin faɗa: watanni ke nan cikinta a kumbure, ga zawo mai maiƙo da ɗoyi da ba ya tsayawa, alhali tana cin tuwonta yadda ta saba. A duk inda aka kai ta, daga kemis har ɗakin shan magani, babu wanda ya tambaye ta yadda bayan gidanta yake.

Ni ba likita ba ne, ba kuma zan raɗa wa ciwonta suna ba. Amma na san cewa saukar abinci cikin tumbi ba shi ne zamansa jini ba. Sai ƙaramin hanji ya tsotse shi tukuna, kuma kowane sinadari da wurin da ake tsotsarsa. Sinadarin ƙarfe a farkon hanjin yake shiga jiki. Bitamin B12 sai can ƙarshensa, kuma ba ya shiga sai da rakiyar wani sinadari da tumbi ke fitarwa. Idan bangon hanjin ya lalace, ko tumbin ya daina fitar da nasa, to ɗura wa mutum kwalabe zuba ruwa ne a kwando.

Gwajin da aka fi yi wa mutanenmu shi ne PCV, wanda aikinsa kawai ya ce jinin ya kai kaza cikin ɗari. Ba ya cewa don me. Wanda ke fara amsa wannan tambaya shi ne cikakkiyar ƙidayar ƙwayoyin jini, domin ita ke nuna girmansu. Idan jajayen ƙwayoyin sun ƙanƙance, galibi ƙarfe ne babu, sai a auna feritin a ga abin da ya rage a rumbun jiki, duk da cewa zazzaɓi kan ɗaga shi ya ruɗi mai dubawa. Idan kuwa sun yi manya fiye da ƙima, sai a nemi B12 da folat. Akwai gwajin albumin, mai nuna ko jiki na samun sinadarin gina jiki. Akwai na bayan gida, mai araha, da ke kama tsutsar ciki da ƙwayar giyadiya, waɗanda ba baƙi ba ne ga duk wanda ke shan ruwan rijiya ko yake aiki ba takalmi a fadamun bakin kogin Wudil.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba banza kaɗai kwalaben nan suke ba, suna iya yin ɓarna. Yawancinsu suna ɗauke da folik asid. Mutumin da B12 ne ba ya shiga jikinsa, idan ya sha folik asid, jininsa na iya ɗagowa, a auna a ce Alhamdulillahi ya samu sauƙi, alhali jijiyoyinsa na ci gaba da mutuwa a ɓoye. Daga sagewar ƙafa sai tangaɗi, sai mantuwa, sai dangi su ce tsufa ne ko sammu. Hanta na iya ajiye B12 na shekaru, shi ya sa ciwon ke zuwa a hankali, ba wanda zai ce ga ranar da ya fara. Haka mai sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, ƙarfe ya riga ya yi masa yawa, ƙara masa wani ba tare da gwaji ba ganganci ne.

Sai batun taifot da aka ce goggona na da shi. Gwajin Widal tun 1896 aka ƙirƙiro shi a Faransa. A ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, gwada shi sau ɗaya ba ya tabbatar da komai. Amma shi ne abincin ɗakunan gwaji na bakin titi. Ka je da ciwon kai, taifot. Ka je da rama, taifot. A rubuta maka allurai da ƙwayoyi masu kashe har ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji, ka dawo zawon ya ƙaru, a ce taifot ɗin ne bai fita ba. Ga kuma maganin olsa, omefurazol da 'yan uwansa, da mutane ke sha shekara da shekaru ba da izinin kowa ba. Yana rage tsamin ciki, kuma da wannan tsamin ne jiki ke ciro ƙarfe da B12 daga abinci. Metfomin na masu ciwon suga ma, idan an daɗe ana sha, yana rage B12. Wannan ba dalilin dainawa ba ne, dalilin aunawa ne lokaci zuwa lokaci.

Na san za a ce yawancin ƙarancin jini a ƙasar nan daga maleriya ne da yunwa da haihuwar kunika, kuma gaskiya ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. To a cikin wannan taro, wa ke tsamo waɗanda hanjinsu ne ya gaza?

Akwai ma cutar da muka yanke wa hukuncin cewa ta Turawa ce, wato siliyak, inda alkama da sha'ir ke sa jiki ya afka wa bangon hanjinsa. Wani likitan yara a Holan, Willem Dicke, shi ya gano alaƙar, bayan ya lura yara masu ciwon sun farfaɗo lokacin da biredi ya ɓace a yunwar yaƙin duniya na biyu, suka kuma koma ruwa da ya dawo. Amma a 1999 aka gwada yaran Sahrawi na yammacin Sahara, aka samu kashi 5.6 cikin ɗari suna da ita, adadin da ya ninka na Turai sau da dama. Mu kuma da muka tashi da gero da dawa, yau gurasa da funkaso da alkaki sun samu abokai: biredi da safe, taliya da rana, indomi da dare. Gwajin jini ne ke fara kama ta, ana ce masa tTG. Ku tambayi mai lab ɗin unguwarku ko ya taɓa jin sunan.

A nan ne nake so masu mulki su ji ni da kyau. Wudil ba ƙauye ba ce. Tana da jami'ar kimiyya da fasaha, tana da makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda, tana da kasuwar shanun da ake zuwa daga kudu da arewa. Amma talakan karkarar Wudil, idan ana son sanin dalilin ramarsa, sai ya nemi kuɗin mota zuwa Kano, shi da ɗan rakiya, ya biya kuɗin gwaji, ya sake komawa karɓar sakamako. Wanda ya sayar da akuya don wannan, wace zai sayar ya sayi magani? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Kano na da hukumar taimakekeniyar lafiya. Ba cewa nake a kai kowace na'ura kowace mazaɓa ba. A ɗebi jinin a asibitin da ke kusa, a sa a akwatin sanyi, mota ɗaya ta kai babban ɗakin gwaji, sakamako ya dawo ta waya. An yi wa samfurin tarin fuka da na shan inna irin wannan tsari, ya kuma yi aiki. Abin da babu shi ne niyya, domin akwatin sanyi ba ya ɗaukar hoton ɗan siyasa yadda rabon farasitamol a ƙarƙashin rumfa ke ɗauka. 

Kafin a kai ga haka, wanda ke da majinyaci mai rama da zawon da ya wuce wata guda, ya tattara duk kwalabe da ƙwayoyin da yake sha ya zube su a gaban likita, ya kuma faɗi yadda bayan gida yake ba kunya. Kada a yi allurar B12 kafin a ɗebi jinin, domin za ta ɓata awon. Wanda kuma ake zargin alkama ce ke cutar da shi, kada ya daina cinta sai bayan gwaji, in ba haka ba takarda na iya fitowa ta ce lafiyarsa ƙalau.