Wasan Datse Kogi Da Zancen Kafin Zaki

Zancenmu na wannan mako daga wasan yara zai taso, amma na manya ne.

Akwai wani wasan kwamfuta mai suna Cities: Skylines, wanda wani kamfani na ƙasar Finlan ya ƙirƙira, aka fitar da shi a 2015, ya kuma iso hannun samarinmu a nan Bauchi. A cikinsa akan ba mutum fili da kogi, a ce ya gina birni. In ya ga dama sai ya gitta madatsar ruwa a kan kogin don ya sami wutar lantarki. To, a nan gizo ke saƙa. Da ya datse, sai ruwa ya yi ta taruwa ta baya har ya ci gidajen da ke kwari, ta gaba kuwa kogi ya janye, famfunan da ke zuƙo wa gari ruwa su koma zuƙar iska. Duk wannan a gaban idonsa yake faruwa, a kan allo guda, cikin 'yan mintoci. In abin ya ɓaci sai ya koma inda ya ajiye wasan, ya sake sabon lale.

Abin da ya burge ni shi ne mai wasan ba shi da damar kau da kai daga mutanen da ke gangaren kogi, domin su ma nasa ne. Mu kuwa a zahiri, mai datsewa yana wata jiha, wanda ruwa ya yanke wa yana wata, ba kuwa lalle su taɓa haɗuwa ba.

Dubi abin da ya auku a Kogin Haɗejiya. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ba mai musun alherin da Kano ta samu: ga ruwan sha, ga noman rani a Kadawa da Kura. Amma can ƙasa, a fadamun Haɗejiya da Nguru, ambaliyar damina ce abincin jama'a. Ita ke shayar da shinkafa, ita ke kawo kifi, in ta janye ta bar wa makiyaya ɗanyar ciyawa, manoma kuma su bi laima da shuka. Da aka tare ta, sai fadama ta tsuke. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuwa ya zama gatan kachala, wannan ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zamana wani wuri yana nutsewa alhali maƙwabcinsa na ƙishi. Ba wanda ya nufi mutanen nan da sharri. Nisa ne kawai ya sa ba a gan su ba.

Wannan ya kawo mu gida. Kogin Jama'are daga tuddan Jos yake gangarowa, ya ratsa Jihar Bauchi, ya je ya gamu da na Haɗejiya a wajen Gashuwa, su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Shi ne babban reshen da har yanzu ke kai ambaliyarsa ba tare da an tare shi ba. A kansa ne kuma aka daɗe ana son gina madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi. An ba kamfanin Julius Berger aikin a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka soke a 1984, aka maido a 1992, aka sake sokewa a 1994. Tun daga nan, duk lokacin siyasa sai zancen ya taso. Mutanen Bauchi na cewa an hana su arzikin noman rani, mutanen Yobe da Borno na cewa in aka datse sun shiga uku.

Ni dai ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Wanda ke zaune a garin da madatsar Gubi ke shayarwa, yana kuma ganin 'yan ga-ruwa na tura kura a unguwannin da famfo bai kai ba, ba sai an faɗa masa darajar tara ruwa ba. Sai dai in za a gina Kafin Zaki, to, a fara da abin da yaro ke yi kafin ya danna: a kalli kogin tun daga kansa har wutsiya. A rubuta yawan ruwan da za a riƙa saki, da watan da za a sake shi, jihohin nan su sa hannu, masunta da makiyaya su ji da kunnensu. A kuma ware kuɗin gyara tun ranar farko, domin Bagauda ta ɓalle a 1988, Alau kuma ta shanye Maiduguri a watan Satumba na 2024, shekara talatin bayan ambaliyar 1994.

Gwada tafiyar kogi a kwamfuta aiki ne da injiniyoyi suka daɗe suna yi, kuma ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa nan a cikin gari. Gwamnati ta ɗora mata wannan aiki, a buga sakamakon da Hausa, a karanta shi a rediyo, mutumin Ningi ya ji, na Gashuwa ma ya ji.