Korar Malami A Asirce Ba Hukunci Ba Ne

Duk shekara in sakamakon jarrabawa ya fito, a kan sami magidanta a Toranke da sauran garuruwan Ajingi da Gaya waɗanda 'ya'yansu mata suka ci, amma su ƙi barinsu su wuce gaba. In ka tambayi dalili, sai a ce kuɗi, wannan kuwa gaskiya ne. Amma in zance ya yi nisa sai ɗaya dalilin ya fito, watau tsoron abin da a ke cewa waɗansu malaman manyan makarantu suna yi wa ɗalibai mata. 'Yan boko sun saba yi wa irin waɗannan iyaye dariya, su ce duhun kai ne. Mu ba mu yi musu dariya. Tsoronsu yana da tushe, kuma alhakinsa yana wuyan mahukuntan da suka san abin da ke gudana suka zaɓi rufa shi.

Kada wani ya ce ai wannan halin mutanen Kudu ne. Ga misali daga Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello ta kori wani malami bisa laifin neman ɗaliba da lalata. Da ya fita ƙofa bai yi nisa ba, sai ga shi yana koyarwa a Jami'ar Jihar Kaduna, an sāke danƙa masa 'ya'yan mutane da takardun jarrabawarsu. Haka abin ya zauna har watan Oktoba na 2019, sa'ad da wata mace guda, tsohuwar ɗalibar Zariya, ta ɗauki allo ta fito ita kaɗai ta tsaya a bainar jama'a. Sai a sa'an nan Jami'ar Kaduna ta dakatar da shi, ta kafa kwamiti, daga baya ta sallame shi.

To, jama'a, ku dubi wannan da kyau. Jami'o'in nan biyu a jiha ɗaya su ke, tafiyar sa'a guda ce a mota tsakaninsu. Ƙaƙa aka yi mutum ya fita daga ɗaya da irin wannan tabo ya shiga ɗayar? Ko dai Kaduna ba ta tambaya ba, ko ta tambaya ba a gaya mata ba, ko kuwa an gaya mata ta kau da kai. Ko wanne ne cikin ukun nan abin kunya ne. Ɗan sakandaren da zai canza makaranta sai ya kawo takardar shaidar halinsa daga shugabansa na dā, amma malamin da zai riƙe makomar 'yan mata ɗari a bakin alƙalaminsa ya shige ba bincike! Abin da magatakarda biyu da ofisoshinsu da hatiminsu suka kasa yi, mace guda da allon kwali ita ta yi shi.

A shekarar nan dai Jami'ar Ahmadu Bello ta sallami ma'aikata 15 bisa laifuffuka iri-iri, har da na lalata da ɗalibai. Mun yaba, domin waɗansu ko wannan ba su yi ba. Amma muna tambaya: nawa ne cikinsu suka tsaya gaban alƙali? Talakan da ya saci akuya a kasuwar Gaya ba a ce masa ya je gida ya huta, kotu a ke kai shi. Mai digiri uku da ya tsare yarinya a ofis ya ce ko ta yarda ko ta faɗi, sai a rubuta masa takardar sallama cikin ladabi, a rufe fayil, a ce an kare mutuncin makaranta. Wannan kashe wuta ne a ɗakinka ka jefa garwashin a ɗakin maƙwabci.

Abin da ya girgiza hukumomi a watan nan na Oktoba 2019 shi ne fim ɗin da BBC ta fitar, wanda aka ɗauka a ɓoye a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana. 'Yar jaridar da ta jagoranci aikin, Kiki Mordi, ta faɗa da bakinta cewa ita ma irin wannan matsin ne ya raba ta da karatun jami'a. Duk da haka sai a 2021 Jami'ar Legas ta kori malamanta biyu da aka nuna. A Ile-Ife kuwa, a 2018, sai da wata ɗaliba ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele a wayarta, duniya ta ji, kana aka motsa. Kotun Tarayya ta Oshogbo ta ɗaure shi shekara 2 a watan Disamba na shekarar. Darasin da mahukunta suka koya wa 'ya'yanmu ke nan: maganarki ba shaida ba ce, sai kin koma ɗan sandan ciki, kin koma wurin mai cutar da ke da na'ura a jaka.

Na Kalaba ya fi duka muni. An dakatar da Farfesa Cyril Ndifon a 2015 bisa zargin yi wa ɗaliba fyaɗe. Ya dawo bakin aiki, har ya sāke hawa kujerar shugaban Tsangayar Shari'a, watau wurin da a ke koya wa yara doka. A watan Agusta na 2023 ɗalibai mata na tsangayar suka fito da alluna a gaban ofis, aka sāke dakatar da shi, kuma a watan Nuwamba na 2025 Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke masa shekara 5. Ku ƙidaya: shekara 10 tsakanin kukan farko da hukunci. Aji nawa suka shiga suka fita a hannunsa cikin waɗannan shekaru?

Akwai abin lura a shari'un nan biyu. Hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ce ta kai su kotu, ta hanyar cewa sun ci amanar ofis sun nemi abin da bai halatta ba. Dabara ce mai kyau, amma tana nuna giɓi. Sanata Ovie Omo-Agege ya kawo ƙudurin doka a kan wannan laifi musamman, Majalisar Dattawa ta amince a 2016, ya mutu a hanya. Aka sāke kawo shi a 2019, Dattawa suka amince a watan Yuli na 2020 da ɗaurin da zai kai shekara 14, amma Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai sa hannu ba. In maganar ƙarin alawus ɗin wakilai ce, da ba ta kwana haka ba.

Mu zo gida. Dokar hana cin zarafin mutane ta Tarayya, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015, Abuja kaɗai ta shafa sai in jiha ta karɓe ta. Jigawa, wadda ƙasarta ke manne da tamu, ta karɓa a 2021. Shekarar 2024 ta shiga Kano ce kaɗai ta rage cikin jihohi 36. An yi ta cewa ana so a daidaita ta da addini da al'ada. Madalla, a daidaita. Amma wane addini ne ya ce a yi shekara 9 ana daidaitawa alhali ana ɓata 'ya'yan mutane? A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka kama mutum a Kwanar Ɗangora da a ke zargi da yi wa mata 40 fyaɗe, cikinsu har da tsohuwa mai shekara 80. A watan nan ne gwamnoni suka taru suka ce sun kafa dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Taro dai an yi, an ɗauki hoto.

Wurin aiki ma haka ne, ko ya fi. A 2013 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta yi hukunci a ƙarar da wata ma'aikaciya ta kai kamfanin Microsoft na Nijeriya, ta ce kamfani yana da alhakin abin da shugabansa ya yi wa na ƙasa da shi, kuma ta sa a biya ta diyya. A 2022 Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana cin zarafi a wurin aiki. Duk wannan yana da kyau ga mai albashi da lauya. Amma mu a nan ma'aikatanmu mata su ne 'yan aikatau, yaran da a ke ɗauka daga ƙauye a kai gidajen birni shara da wanke-wanke, kuɗin kuma ya bi ta hannun dillaliya. Ba su da takardar ɗauka, ba su da ƙungiya, ba ofishin da ya san sunansu. In maigida ko ɗansa ya ɓata yarinya, sai a sa ta a mota da ɗan kuɗi a leda da turmin atamfa, a ce ta yi rashin kunya. Iyaye su yi shiru don kada ta rasa miji. Wanda ya yi laifin ya tafi masallaci sahun gaba.

Muna girmama rufin asiri, kuma ba mu son a riƙa yawo da sunan yarinyar da aka cuta. Asirinta ya kamata a rufa. Amma abin da mu ke gani shi ne ana rufa na mai laifi, ita kuwa a bar ta da ciki da gori. Waɗanda suka yi ƙoƙarin buɗe baki kuma sun ga abin da ya biyo baya. A watan Fabrairu na 2019, da 'yan matan Arewa suka fara faɗin abin da aka yi musu a ƙarƙashin sunan ArewaMeToo, 'yan sanda suka je ofis a Kaduna suka kama Maryam Awaisu, ɗaya daga cikin masu taimaka musu. Ita aka fara kamawa.

Ga iyayen da ke cewa gara a tsare yarinya a gida, mun ji ku, amma ku tuna ku ne ke neman likita mace da ungozoma mai takarda in matanku za su haihu. Daga ina za su fito? 'Ya'yanmu za su ci gaba da zuwa Wudil da Dutse da Kano da Zariya, tilas ne. Saboda haka abin nema shi ne makarantun su zama wurin da uba zai kai 'yarsa ya koma gida ya yi barci.

Hanyar kuwa ba mai wuya ba ce. Hukumar NAPTIP ta buɗe rajistar masu laifin fyaɗe tun watan Nuwamba na 2019. Duk malamin da kwamiti ya samu da wannan laifi, a miƙa fayil ɗinsa ga 'yan sanda a makon, a kuma aika sunansa ga Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, yadda ba wata makarantar da za ta ce ba ta sani ba. Kwamitin da zai ji ƙarar kada ya zama abokan shan shayin wanda a ke tuhuma. A sa mata a ciki, a sa mutanen waje. Kuma tun ranar da yarinya ta kai kuka a ɗauke takardun jarrabawarta daga hannun malamin da sashensa, domin da makin nan a ke ɗaure mata baki.

Wakilanmu na Ajingi da Gaya a Majalisar Jiha kuma, muna so su zo su gaya wa waɗanda suka zaɓe su abin da suka yi a kan dokar nan a shekarun da ta yi tana jira, wane sashe suka ƙi, kuma don me. Sa'an nan ga abin da ba ya bukatar wata doka. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke birnin Kano, inda a ke duba waɗanda aka yi wa fyaɗe a rubuta shaidar likita. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin kwana 3 ya ke aiki, shaidar jiki ma ba ta daɗewa. Uban da ke Toranke kafin ya gama shawara da 'yan'uwa ya haɗa kuɗin mota zuwa birni, kwanakin sun ƙare. A buɗe irin wannan ɗaki a Babban Asibitin Gaya, da ma'aikaciya mace, a kuma sa kuɗinsa cikin kasafin shekara mai zuwa.