Katun na Biyu: Yana Kai Na Farko Daɗi Kuwa?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a shagunan tura fim a waya, a Zuru da ma ko'ina, musamman in hutu ya zo. Wani ya ce a tura masa Moana na biyu, na kusa da shi ya ce kada ka ɓata kuɗinka, na biyu bai taɓa kai na ɗaya ba. Wannan magana an maimaita ta har ta zama kamar doka. To, da gaske ne? Tambayar ba ta banza ba ce, domin kuɗin turawa ko na data daga kuɗin tara ɗinku yake fita, memori kuma ba ya ɗaukar komai da komai.

Masu kushe na biyu suna da hujja, kuma hujjar tana da tarihi. A 1992 kamfanin Disney ya fitar da Aladdin, duniya ta yi na'am da shi, musamman saboda aljanin cikin fitila wanda ɗan wasan barkwanci Robin Williams ya yi wa murya. A 1994 sai ga na biyu, The Return of Jafar. Wannan ba a kai shi silima ba, kai tsaye aka buga shi a kaset aka kai kasuwa. Robin Williams ba ya ciki, wani ne ya karɓi muryar aljanin, zanen kuma ko yaro ya ga bai kai na farko kyau ba. Amma kaset ɗin ya yi kasuwa sosai, shi ya sa Disney ta ga hanya ta buɗe. Daga nan aka yi ta zubo su: Cinderella na biyu, Bambi na biyu, Mulan na biyu, Pocahontas na biyu. Sashen da ke yin su daban ne da wanda ya yi na asali, kuɗin da ake kashewa kaɗan ne, lokacin aiki gajere. Sai bayan Disney ta sayi kamfanin Pixar a 2006 aka taka wa wannan sana'a birki. Iyayenku da yayyenku da suka taso a zamanin kaset da faifan CD, a nan suka samo ra'ayinsu, kuma ba su yi ƙarya ba.

Mu ma nan gida mun san irin wannan. Akwai lokacin da a Kannywood ake ɗaukar labari ɗaya a datse shi a tsakiya, daidai inda zuciya ta rataya, a ce a nemi na biyu. Wannan yanka ne don a sayar sau biyu, labarin bai ƙaru da komai ba.

The Lion King ya fi dacewa mu tsaya a kansa, tunda kusan babu wanda bai gan shi ba. Na farko, na 1994, labarin ɗan sarki ne da baffansa Scar ya kashe masa uba, ya kuma sa masa a rai cewa shi ne sanadi. Simba ya gudu da nauyin laifin da ba nasa ba, ya girma a wani daji yana ƙoƙarin mantawa, daga baya ya dawo ya karɓi gadonsa. Duk wanda ya kalli wurin da Simba ke taɓa gawar Mufasa yana jiran ya tashi, ba ya mantawa. Na biyu, Simba's Pride, na 1998, shi ma a kaset ya fito. Kiara 'yar Simba ta kamu da son Kovu, wanda ya fito daga cikin magoya bayan Scar da aka kora, uwarsa Zira kuma ta raine shi ne don ɗaukar fansa. A ganina wannan yana cikin mafi kyawun 'yan kaset ɗin nan, domin ya juya Simba ya zama uba mai tsauri da zargi, wanda ke hukunta ɗa saboda laifin manyansa. Tambaya ce mai kyau. Sai dai zanen bai kai ba, waƙoƙin ba su zauna a baki kamar na farko ba, kuma da zarar Kiara da Kovu sun haɗu ka riga ka san inda za a ƙare. A na farko kana tsoro, a na biyu kana jira ne kawai.

Amma fa dokar ta karye tun 1999. Toy Story na farko, na 1995, shi ne dogon fim na farko da aka yi gaba ɗayansa da kwamfuta. Na biyunsa da farko kaset aka nufa da shi, daga baya aka ɗaga shi zuwa silima, ma'aikatan Pixar suka rushe labarin suka sake gina shi cikin 'yan watanni. Abin da suka yi shi ne suka tambayi abin da na farko bai tambaya ba. A na farko damuwar Woody kishi ce, an kawo sabon abin wasa mai suna Buzz ya ƙwace masa matsayi a wurin Andy. A na biyu an sace Woody, an ba shi zaɓi: ko a ajiye shi a gidan tarihi a Japan, cikin gilashi, ba zai tsufa ba kuma ba wanda zai taɓa shi, ko ya koma wurin Andy, yana sane da cewa yaron zai girma ya bar shi. Jessie ma tana nan, wadda mai ita ta girma ta yar da ita a cikin kwali a bakin hanya, kuma ita ce shaidar cewa barazanar gaskiya ce. Na uku, na 2010, ya kai maganar ƙarshe: Andy zai tafi jami'a. 'Yan aji shida da ke shirin barin gida, ko zuwa Sakkwato ne, ko Aliero, ko nan Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, ko aikin soja kamar yadda samarin ƙasar nan da dama suka saba, ku kalli wannan kafin ku ɗaure kaya. Ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun, kuma ya cancanta. Na huɗu, na 2019, shi ma ya ci, amma ni dai da an tsaya a na uku da ban yi ƙorafi ba.

Kung Fu Panda na biyu, na 2011, ya bi wannan hanya. Tun a na farko kowa na dariyar yadda aka yi tsuntsu mai sayar da taliya ya zama uban ƙaton panda. Na biyu ya ɗauki wannan abin dariya ya mai da shi ciwo: su waye iyayen Po na asali, me ya same su? Amsar tana hannun Shen, farin ɗawisu mai ƙera igwa, wanda ya fi mugun na farko ban tsoro duk da ba shi da jiki. Ni a wurina wannan ya fi na farko.

Kun ga ke nan lamba ba ita ce matsala ba. Mu ɗauko misali daga littafin da kuke karantawa a aji. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam littafi uku ce, kuma aku ɗaya ne a cikinsu duka. Amma a na farko aku yana ba da labari ne don ya hana ɗan sarki fita, a na biyu gasa yake da wani aku, a na uku yana koyar da ɗansa. Kowane littafi da dalilinsa na buɗe baki. Da Imam ya sake tsare ɗan sarki a ɗaki sau uku, da ba wanda ya kai ƙarshe. Abin da zan so ku tambayi kowane fim na biyu ke nan: wace sabuwar matsala ce ta sami jarumin, wadda ba a warware a na farko ba?

Ku gwada wannan ma'auni a kan fina-finai biyu da suka fito a 2024. Inside Out na biyu ya tarar da Riley ta kai shekara 13. Motsin zuciya biyar da muka sani a na 2015 suna zaune sai ga baƙi, shugabarsu Fargaba, wadda ta kori su Farin Ciki ta karɓe ragamar kai. Ba muguwa ba ce, so take ta kare Riley daga duk abin da zai iya faruwa gobe, har ta kai yarinyar ga kasa numfashi a tsakiyar wasa. Duk wanda ya taɓa kwana ido biyu ana gobe jarabawar WAEC ko JAMB ya san wannan baƙuwa. Ginin labarin ya yi kama da na farko, ban musa ba, an sake jefa su Farin Ciki nesa suna neman hanyar dawowa. Amma matsalar sabuwa ce, kuma taku ce.

Moana na biyu kuwa, da farko shiri ne mai dogon zango aka tsara don manhajar Disney+, a watan Fabrairun 2024 aka sanar za a mai da shi fim, ya fito a Nuwamba. Kana kallo kana ganin ɗinkin. An ƙara mata abokan tafiya uku da ba su sami lokacin nuna kansu ba, wata mai jemagu ta fito ta rera waƙa ta ɓace, babban mugun ma sai an gama fim ake ganin fuskarsa. Lin-Manuel Miranda da ya yi aikin waƙoƙin na 2016 ba ya ciki. Teku ya yi kyau, haske ya yi kyau, amma Moana ta tafi ta dawo ba tare da wani abu ya girgiza ta ba. Duk da haka fim ɗin ya haura dala biliyan ɗaya.

Wannan adadi shi ne amsar masu tambayar me ya sa ba a dainawa. Babban katun a Amurka yakan ci kusan dala miliyan 200, kamfani kuma ya fi son sunan da yara suka riga suka sani. Frozen na 2013 ya tara kusan dala biliyan 1.28, na biyunsa na 2019 ya tara kusan biliyan 1.45. A 2025 Ne Zha na biyu daga ƙasar Sin ya wuce biliyan 2, ya zama katun da ya fi kowane samun kuɗi a lokacin. Yawan ciniki yana nuna an yi ɗokin gani, ba ya nuna an fito an gamsu.

Akwai kuma abin da ba laifin masu fim ba ne. Wanda ya ga Frozen yana aji ɗaya na firamare, ya ga na biyu yana sakandare, ba mutum ɗaya ba ne ya kalli fina-finan biyu. Wancan karon kana zaune a tabarma da ƙannenka, komai sabo ne, ba ka san ana iya ƙago mutumin ƙanƙara mai magana ba. Yanzu ka san dabarun, kana hango inda za a karkata. In kana son adalci, zaunar da ƙanwarka 'yar shekara shida ku kalli na biyun tare, ka riƙa duban fuskarta. In ta tashi neman ruwa a tsakiya ba ta ce a tsayar ba, to ba girmanka ba ne, fim ɗin ne.

Ga aikin wannan mako ga masu son rubutu. Ku zaɓi tatsuniya ɗaya da kuka ji a gida, ta Gizo da Ƙoƙi ce ko wadda kaka ta ba ku da Dakarci, ku rubuta mata kashi na biyu cikin Hausa, kada ya wuce shafi ɗaya. Sharaɗin shi ne Gizo ba zai sake dabarar da ya riga ya yi ba. Ku sa sunanku da ajinku da makarantarku, waɗanda suka fi za mu buga su a wannan shafi.