Haƙorin Makka Abin Alfahari, Haƙorin Roba Abin Kunya: Lissafin da Ya Kamata Kano Ta Sake

A Kano akwai haƙoran sawa iri biyu, kuma ba daraja ɗaya jama'a ke ba su ba. Na farko shi ne haƙorin Makka, kwanson zinariya ko azurfa da ake ɗora wa lafiyayyen haƙori a ƙasa mai tsarki, alhaji ko hajiya su dawo da shi, kowane murmushi ya zama shaidar an sauke farali. Na biyu shi ne haƙorin roba, wanda ake ƙerawa domin cike giɓin da ciwo ko hatsari ko shekaru suka bari. Wancan ana baje shi a gidan biki, wannan kuwa ɓoye shi ake yi, har dattijo ya shekara goma da shi babu wanda ya sani sai mai ɗakinsa. Abin mamaki, wanda ake alfahari da shi ado ne tsagwaronsa, wanda ake jin kunyarsa kuwa shi ne ke mayar wa mutum da tauna da lafazi da siffar fuska.

Wannan kunya tana da tsada. Abin da ake ɓoyewa ba a neman shawara a kansa. Ita ce ke sa a je lungu a yo shi a asirce, a kwana da shi a baki don kada a ga wawulo, a liƙe shi da gam idan ya tsage. Alhali haƙorin roba magani ne, matsayinsa ɗaya da tabarau: ana auna shi da mai shi, ana gwadawa, ana kuma komawa wurin likita saboda jikin da aka auna ba ya tsayawa yadda yake.

Abin da giɓi ke ci

Baligi yana da haƙora 32, kowanne yana jingine da maƙwabcinsa. Idan ɗaya ya fita, na gefensa sukan karkato cikin gurbin, na samansa ko na ƙasansa ya zazzago saboda ya rasa abokin haɗuwa. Babbar asarar kuma tana faruwa ne a ƙarƙashin dasashi, inda ido ba ya gani. Ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwa yana rayuwa ne da aikin tauna. Da zarar saiwa ta tafi sai ya fara zaizayewa. Faɗin ƙashin a wannan gurbi yana iya raguwa da kusan rabi cikin shekarar farko, akasarin raguwar kuma a watanni ukun farko take aukuwa, sannan ta ci gaba a hankali har ƙarshen rayuwa. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama saurin lalacewa. Daga nan ne kumatu ke lotsawa, haɓa ta matso kusa da hanci, mai shekara hamsin ya koma kamar ɗan saba'in.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kuma kusan kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 ba su da haƙori ko ɗaya. Tun 1989 Japan ta ƙaddamar da gangamin da ta kira 8020, wato mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20, adadin da masana ke ganin ya isa a tauna yawancin abinci da shi.

A gidan Bahaushe ana gane wannan asara a akushi. Mai wawulo yakan yi sallama da kilishi da tsire da balangu, da gyaɗa da aya da ƙuli-ƙuli, da goba da karas, ya koma ga koko da kunu da shayi da burodi. Ga dattijo mai ciwon suga, wannan sauyi ya raba shi da nama da ganye, ya miƙa shi ga sitaci da zaƙi, wato ainihin abin da likita ya hana shi. Ana kuma gane ta a lafazi. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san haruffan ث da ذ da ظ suna fita ne tsakanin kan harshe da gefen haƙoran gaba na sama, ف kuma tsakanin waɗannan haƙora da leɓen ƙasa. Liman ko alaramma ko malamin aji ko lauya da ya rasa haƙoran gaba ya rasa kayan aikinsa.

Mai ɗari-ɗari ta fuskar addini ma yana da abin dogaro. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Malamai sun daɗe suna kafa hujja da wannan a kan halaccin maye gurbin gaɓar da ta salwanta.

Baki ɗaya, awo ɗaya

Mazauna ƙaramar hukumar Tarauni, daga Gyadi-Gyadi zuwa Hausawa da Darmanawa da Unguwa Uku, ba su da uzurin nisa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana kan titin Zariya a tsakiyarsu, yana da sashen kula da haƙori, kuma a nan ɗaliban Tsangayar Likitancin Haƙori ta Jami'ar Bayero ke samun horo. Akwai kuma asibitocin haƙori masu zaman kansu a cikin birni. Abin da ya rage shi ne mutum ya san yadda aikin ƙwarai yake, domin ya bambance shi da na jabu.

Aikin ƙwarai ba ya ƙarewa a rana ɗaya. Likita yakan fara da duba bakin gaba ɗaya, ya cike kogo, ya yi maganin ciwon dasashi, ya cire abin da ba ya cetuwa, domin ba a gini a kan ruɓaɓɓen tushe. Sannan a ɗauki siffar bakin da wani ƙulli mai laushi da ke daskarewa cikin mintoci, a zuba farar ƙasa a ciki a fitar da kwafin muƙamuƙi. Ga wanda ya rasa haƙora da yawa akan sake awo na biyu da ya fi na farko daidaito. Bayan haka a auna yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa ke haɗuwa, a zaɓi launi da girman da suka dace da fuska, a jera haƙoran a kan kakin zuma a gwada a baki. A wannan zama ne mai haƙori ke da damar duba madubi, ya yi magana, ya ce wannan ya yi tsawo, wancan ya yi fari da yawa. Sai ya gamsu ake mayar da kakin ya zama roba mai tauri. Zuwa huɗu ko biyar ke nan, sannan a dawo bayan 'yan kwanaki a goge wuraren da ke gurzar dasashi.

Hannu biyu ke wannan aiki: likitan haƙori mai rajista da hukumar MDCN, wanda ke aiki a cikin baki, da ƙwararren maƙerin haƙora da ke aiki a ɗakin ƙira, shi ma da hukumar da ke yi masa rajista. Tambayar lasisi haƙƙin majiyyaci ne, ba rashin kunya ba.

Tambayar ta zama dole saboda sauƙin kayan aikin. A da, da hauren giwa da haƙoran mutane ake yin haƙoran sawa, irin waɗanda shugaban Amurka na farko, George Washington, ya yi fama da su. Robar akirilik da ta shigo aikin haƙori a 1937 tana da araha har talaka yana iya saye. Sai dai abin da ya yi araha kowa na iya kwaɓa shi, har da wanda bai taɓa karanta tsarin baki ba. Irin wannan yakan manna haƙori a giɓi ya liƙe shi da na gefe yadda ba ya ciruwa, abinci ya riƙa taruwa a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura, lafiyayyun haƙoran da aka jingina da su su fara girgiɗi. An je cike giɓi ɗaya an dawo da uku. Araha ba ta ado.

Ƙaramin haƙori, babban hatsari

Mafi hatsarin haƙoran roba shi ne wanda aka fi rainawa: ɗan ƙarami mai ɗauke da haƙori ɗaya ko biyu na gaba, wanda ba shi da maƙalin ƙarfe, ya kuma yi sako-sako saboda ƙashi ya zaizaye a ƙarƙashinsa. Yakan zame a lokacin shan ruwa ko haɗiyar magani ko barci, ya maƙale a hanyar abinci. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Najeriya sun san wannan matsala sarai. Na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan sun wallafa rahoto a kanta tun 2004. Abin da ke ƙara muninta shi ne akirilik ba ya fitowa sosai a hoton ƙashi, don haka ana iya ɗaukar hoto a ce ba a ga komai ba, alhali gefen robar yana yankar maƙoshi. Wanda ya haɗiye haƙorinsa kada a ɗura masa ayaba ko lomar tuwo don a tura shi; asibiti ya kamata a nufa nan take.

Kwana da haƙoran roba ma yana da nasa sharrin. Wani bincike da aka yi a Tokyo a kan tsofaffi 524 masu shekara 85 zuwa sama, aka wallafa a 2015, ya gano cewa masu kwana da su sun ninka sauran haɗarin kamuwa da ciwon nimoniya. Robar da ta wuni ta kwana a kan ganɗa kuma takan zama sheƙar ƙwayar cutar kandida, dasashi ya yi ja ya riƙa zafi.

Kulawar kuwa ba ta fi ƙarfin kowa ba. A cire su a ɗauraye bayan cin abinci, kuma mai alwala sau biyar a rana ba ya rasa lokacin yin haka. A wanke su kullum da burushi mai laushi da sabulu marar kaifi, domin man goge baki yana kankare roba ya bar tsagogin da datti ke ɓuya. A yi wankin a kan kwano mai ruwa, don in sun suɓuce kada su fashe. Ruwan zafi yana lanƙwasa su, bushewa ma haka, musamman da hunturu, saboda haka a ruwan sanyi mai tsafta za su kwana. Aswaki da burushi su ci gaba da aikinsu a kan sauran haƙora da harshe da dasashi. Idan sun fara motsi, likita na iya ƙara musu shafi daga ciki su sake zama daram, kuma bayan shekara biyar zuwa goma yawanci sabo ake buƙata. Gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, a kai shi a duba.

Hujjojin masu ja da baya

Akwai masu cewa haƙoran roba ba sa kama ƙafar na halitta. Gaskiya ne. Ƙarfin cizonsu bai kai ba, na ƙasa ya fi wuyar zama, makonnin farko kuma akwai yawan yawu da sarƙewar harshe. Amma ba da haƙoran samartaka ya kamata a gwada su ba, tunda waɗannan sun riga sun tafi; da dasashi tsirara za a gwada su.

Wasu kuma, musamman masu hali, suna ganin zamani ya wuce roba tunda ana dasa haƙori a ƙashi. Dashen ƙarfen titaniyom, wanda Per-Ingvar Brånemark ya fara yi wa majiyyaci a Suwidin a 1965, ci gaba ne na haƙiƙa, kuma yana rage zaizayar ƙashi. Sai dai yana buƙatar tiyata, da isasshen ƙashi, da sugan da aka shawo kansa, da kuɗin da ya ninka na roba sau da yawa. Ga ɗan fansho a Daurawa ko mai shago a kasuwar Tarauni, haƙorin roba da aka auna da kyau shi ne zaɓin da hannu ke kaiwa.

Hujja mafi nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba a amsa ta da wa'azi. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Najeriya, Jihar Kano kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, wato KSCHMA. Ya dace haƙoran roba, da gyaransu, da dubawar shekara-shekara su zauna cikin abin da irin waɗannan tsare-tsare ke biya, a kuma bayyana wa masu rajista haƙƙinsu ƙarara da Hausa. Kuɗin yi wa haƙori shafi bai kai ko kusa da kuɗin tiyatar ciro shi daga maƙoshi ba.

Kafin hukumomi su motsa, nauyin yana kan 'ya'yan da suka yi karatu suke ɗaukar albashi. Su ne ke biya wa iyaye kujerar Makka, su sayi maganin hawan jini duk wata, su canza tabarau idan ido ya ƙara rauni. Da wuya su lura cewa Baba ya daina taɓa naman Sallah, ko Hajiya ta koma rufe baki da mayafi idan za ta yi dariya, domin dattijo ba ya kai ƙarar bakinsa wurin ɗansa. Ɗan ne zai fara tambaya cikin ladabi, ya raka shi zaman awo da na gwaji, ya ajiye ranar komawa a wayarsa, ya kuma tanadi kofi mai murfi a gefen gado ba tare da an mayar da abin na raha a gida ba. Gidan da ya yi murna da zinariyar da aka ɗora a kan lafiyayyen haƙori ya fi cancanta ya yi murna da haƙoran da suka sa tsohonsa ya sake tauna kilishi, ya kuma karanta Fatiha kowane harafi daga mafitarsa.