Shawarar Gidan Abinci a Turai: Hoto Ba Ya Cika Ciki

Jama'a, duk wanda ya leƙa Turai ya dawo sai ya jero mana "gidajen abinci goma da bai kamata su wuce ka ba". Ka duba jerin, hotuna ne zalla: tebur a gindin hasumiyar Eiffel, faffaɗan faranti, loma uku a tsakiya. Ba mai gaya maka abin da ke cikin tukunyar.

Wannan burga ce kawai. Ɗalibin da zai sauka a Roma yana bukatar sanin cewa da naman kumatun alade ake yin taliyar carbonara. Mai zuwa Paris ya san coq au vin kaza ce da aka dafa a cikin giya. Ya san a Italiya ana ƙara kuɗin zama da suke kira coperto, a Faransa kuwa ruwan famfo kyauta ne in ka nema.

In da gaske taimako kuke nufi, ku faɗi unguwa. A Landan, Edgware Road da Whitechapel cike suke da abincin halal. A Paris, Château Rouge akwai shinkafar Senegal da kayan miyan Afirka. A Berlin, Kreuzberg da Neukölln akwai naman döner na Turkawa, amma ko can ka tambaya kafin ka ci.

Wasu za su ce ai ka yi bismillah ka ci. Bismillah ba ta mayar da alade rago. Wanda ya ci bisa maganarka, alhakinsa na wuyanka.