Aikin yanar ido: a auna idon kafin a sayar da shanu

Yau maganar ido za mu yi, domin akwai wata sabuwar kasuwa da ta fara shigo mana ta waya. Dattijo ya yi yanar ido, ƴaƴansa sun ga talla a Facebook ko WhatsApp: wai akwai madubin roba na zamani da ake sakawa cikin ido a ƙasar waje, mutum ya ga nesa ya ga kusa, ya jefar da tabarau har abada. Sai a haɗa kuɗi, a sayar da bisashe, wani har gona. Ra'ayina shi ne: madubin gaskiya ne, yana da amfani, amma ba na kowane ido ba ne, kuma idanun mutanenmu da yawa suna cikin waɗanda ya kamata a yi taka-tsantsan da su.

Ido yana da gilashi biyu. Na farko shi ne fatar nan garau da ke gaban baƙin ido, wadda likitoci ke ce wa korne. Na biyu yana ciki, bayan ɗan baƙin tsakiya. Na cikin ne ke yin hazo da tsufa, shi ne yana, kuma ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya. Aikin yana shi ne a cire madubin da ya dushe a sa na roba. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya fara yin haka a Landan a 1949. Yau masana'antu irin su Aurolab ta Indiya, wadda aka kafa a 1992, suna ƙera shi da araha, shi ya sa ake iya yi wa talakawa aiki da yawa a ayarin likitocin ido da ke zagaya jihohinmu.

Madubi na yau da kullum wuri guda yake saitawa, galibi nesa. Mutum zai gane fuska, ya tafi masallaci ko kasuwa da ƙafarsa, in zai yi karatu ya sa tabarau. Masu tsadar kuwa, wasu suna raba haske gida biyu ko uku, wasu suna miƙe shi don gani ya yi zurfi daga nesa zuwa tsakiya, kamar Symfony da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016, da Vivity a 2020. To amma duk an ƙera su ne da zaton gilashin gaba sumul yake. In korne ya karkace ko yana da tabo, hasken tun daga ƙofa ya riga ya wargaje. Ka ƙara masa madubin da ke sake raba shi, sai mutum ya riƙa ganin zobe-zobe kewaye da fitila, dare ya yi masa wuya, abu ya yi dishi-dishi. Ya biya kuɗi mai yawa, ya samu abin da bai kai na mai madubin araha ba.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Amosanin ido ya daɗe yana addabar yankunan Damagaram da Maraɗi. In ya tsananta gashin ido ya juya ciki yana kartar korne kullum. Ga ƙyanda da ƙarancin bitamin A da ke bar wa yara hakiya. Ga karan hatsi da ke tsokane idon manomi lokacin girbi, ga ƙarfe da ke fallatsa idon mai walda, ga magungunan da ake ɗigawa a gida ba da sanin likita ba. Akwai kuma cutar da korne ke sirancewa ya turo gaba kamar tsinin ƙwai, wadda yawan murza ido ke ƙara wa ƙarfi. Mai ɗaya daga cikin waɗannan, idonsa ba irin na cikin talla ba ne.

Wani zai ce, ai an ce akwai wanda aka yi don irin wannan ido. Eh, akwai mai ƙaramin rami a tsakiya, IC-8 Apthera, da aka amince da shi a Amurka a 2022, kuma likitoci da dama na amfani da shi ga masu karkataccen korne. Dabararsa kowa na iya gwadawa: huda takarda da allura ka leƙa ta ramin, sau da yawa za ka ga abu ya ƙara fitowa, don ramin ya tare hasken da ya kauce hanya. Amma shi ma da sharaɗinsa. Yana rage hasken da ke shiga, don haka gani cikin duhu na raguwa, kuma galibi ido ɗaya ake sa wa. Bai dace da mai ciwon bayan ido ba, irin wanda ciwon suga ke jawowa. In kuma hakiya ce fara fat ta zauna a tsakiya, babu madubin da zai share ta, wannan maganar dashen korne ce.

Saboda haka, duk wanda aka yi wa tayin madubi mai tsada, a nan gida ne ko Kano ko Tunisiya ko Indiya, ya yi tambaya huɗu kafin ya ciro ko dala. An ɗauki hoton taswirar korne na da na'ura, me ya nuna? An duba bayan idona da hawan jinin ido? Da dare yaya zan gani? In bai karɓe ni ba, wa zai duba ni, kuma a ina? Tambaya ta ƙarshe kada a raina ta, domin sake fiddo madubi daga ido aiki ne mai haɗari fiye da na farko, kuma likitan da ke nisan jirgin sama ba ya ganin ka ranar da ido ya yi ja. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce maka "ka biya kawai", ka riƙe kuɗinka.

Ga hukumomin lafiya kuma, abin da ya fi gaggawa shi ne na'urorin awo da ma'aikatan da suka iya su a manyan gidajen likita na jihohi, don kowane mai yana a auna tsawon idonsa da lanƙwasar korne, a ba shi madubi daidai lambarsa. Madubin araha da aka auna daidai ya fi mai tsada da aka sa da ka.

Kuma kada tsadar wancan ta sa wani ya ce aikin asibiti ya fi ƙarfinsa, ya kai tsohonsa wajen masu soke ido da tsinke suna tura yanar ciki. Wannan hanya takan ƙare da ciwo, hawan jinin ido ko makanta ta dindindin. Aiki na yau da kullum da tabarau na karatu ya ishi mafi yawanmu. A wanke wa yara fuska, a yi musu allurar ƙyanda, mai gashin ido da ya juya a kai shi a gyara da wuri, mai walda ya sa gilashin kariya. Korne da aka tsare yau shi zai ba mutum zaɓi ranar da yana ta zo.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya bar mu da idanunmu. Ku isar da wannan ga wanda ke shirin tafiya aikin ido.