A Dawo Mana da Ilmin Ƙasarmu

Ya 'yan'uwa na rassan Ibohaman, Keita, Tamaske, Buza da Madawa,

Maganarmu ta yau a kan ilmin noma ce, watau binciken da masana na ƙasashen duniya ke yi bisa ƙasa da ruwa da itatuwa, da yadda suke raba wa juna abin da suka gano. Mu mutanen Adar muna da bakin magana a nan, gama an daɗe ana auna ƙasarmu. Tun shekarun 1960 masanan ORSTOM na Faransa suke auna ruwa da yashin da koramunmu ke ɗaukowa daga duwatsu. A ƙarshen waɗannan shekaru aka gina barajin Ibohaman domin noman rani, kuma kowa ya ga yadda yashi ya yi ta cike shi shekara bisa shekara. An rubuta wannan duka. To, ina takardun? Wa ya taɓa karanta wa mai gona a bakin baraji ko da shafi ɗaya?

Ku tuna da Furojen Keita. An soma shi a 1984, cikin tsakiyar fari da yunwa. Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin, hukumar PAM ta kawo abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Maza da yawa sun tafi cin rani, sai nauyin ya faɗa kan mata. Su suka ɗauki dutse a ka, suka jera shi bisa fako, suka haƙa ramuka a gefen tsauni, suka dasa itace cikin rana. Daga 1984 zuwa 2002 an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, aikin kuma ya kai har Buza da Abalak. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya ce baƙi ba su yi mana kome ba bai faɗi gaskiya ba. Har wa yau akwai dogon yaron da aka jera a kwarin Majiya tun 1975 tare da ƙungiyar CARE domin kare gonaki daga iska.

Amma ku lura da inda ilmin ya tafi. Masana daga birnin Fulorans na Italiya sun bi sawun aikin da hotunan tauraron ɗan adam, sun lissafa inda itace ya kama da inda ya mutu, inda ruwa ya shiga ƙasa da inda ya wuce. Sun rubuta da Faransanci da Ingilishi da Italiyanci. Ɗalibi a Rum yana iya sanin wane irin itace ya fi jure dutsen Keita, alhali tsohuwar da ta dasa shi da hannunta ba a taɓa komowa an gaya mata abin da lissafi ya nuna ba. Ba mu ce an ɓoye ba. FAO tana da rumbun takardun noma da ake kira AGRIS tun 1975, mai ɗauke da miliyoyin rubuce-rubuce, kuma tsoffin takardun ORSTOM, wadda ta zama IRD a 1998, da yawansu suna intanet kyauta. Sai dai rumbun da ƙofarsa take buɗe amma tsaninsa na Faransanci ne, talaka bai ci daga cikinsa ba.

Yanzu ku dubi wata hanya dabam, wadda aka bi kusa da mu. A 1989 wani aiki na hukumar FIDA a Ilela ya ɗauki manoma 13 ya kai su ƙasar Yatenga a Burkina Faso. Can suka ga yadda Mosawa irin su Yakuba Sawadogo suka gyara tsohuwar dabarar ramin shuka da suke kira zai. Mu ma muna da irinta, tassa, sai dai ƙanana ne. Abin da suka gani shi ne a faɗaɗa ramin tun da rani, a tara ƙasar da aka fitar ta wajen gangare domin ta tare ruwa, a zuba taki cike da hannu. Gara ta zo neman takin, ta huda ƙasa, ruwan farko ya sami hanyar shiga, hatsi ya tsaya ko da an yi kwanaki ba ruwa. Mutanen nan suka dawo gida suka gwada. Maƙwabta suka leƙa, suka kwaikwaya. Ba a daɗe ba fakon da a dā ba mai karɓarsa ko kyauta ya zama abin saye da sayarwa, samari masu haƙar tassa kuma ana ɗaukarsu aiki a kasuwar Badagishiri. Kuɗin mota da guzuri kawai aka kashe a wannan tafiya, ga shi dabarar tana raye bayan furojen ya naɗe tabarmarsa. A ƙasar Maraɗi ma haka aka yi da sassabe mai barin tohon itace tun 1983, daga gona zuwa gona.

Me ya sa wannan ya kama? Domin manomi ya gani da idonsa a gonar manomi ɗan'uwansa, kayan aikin kuwa suna hannunsa: hauya, taki, jaki. Aikin da aka yi da tarakta da buldoza, ranar da injin ya tsaya sai a zuba ido, kunya ta karye ba mai gyara ta, gama ba a bar wa gari bayanin yadda aka auna gangaren ba.

Wani zai ce ai wannan magana ta 'yan lakkol ce, manomi ba ya bukatar littafi. Ƙarya ne. Manomi yana bukatar ya san ko damina za ta makara, kuma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana fitar da wannan hasashe kowace shekara. Yana bukatar ya san wane irin hatsi ne ke nuna da wuri, kuma INRAN da cibiyar ICRISAT ta Sadore suna gwada irin nan shekara da shekaru. Mai kamun kifi a tabki yana bukatar ya san wane kifi ke girma kafin ruwa ya janye. Ilmin akwai, fassararsa ce ta yi kaɗan. Ƙungiyar RECA ta nuna ana iyawa, tun da tana aika wa manoma shawara da murya cikin Hausa ta wayar hannu. Abin da ya rage shi ne a mai da haka wajibi bisa kowa.

Saboda haka ga abin da muke nema. Duk wanda ya zo bincike a ƙasarmu, baƙo ko ɗan ƙasa, muna maraba da shi, mu ba shi masauki da ja-gora. Amma kafin ya rubuta wa duniya, ko bayan ya rubuta, tilas ya komo garin da ya auna, ya zauna ranar kasuwa, ya faɗi abin da ya gano da Hausa da Tamajak, mata suna wurin, ya bar kwafi a ofishin gari, a kuma karanta shi a gidan rediyon karkara. In dabarar daga bakin wani tsoho ya ji ta, ya rubuta sunan garin. Cikin kuɗin kowane furoje kuma a ware na kai manoma su ga gonakin waɗansu, kamar yadda aka yi wa mutanen Ilela.

Aikin rassa ga shi. Kowane reshe ya sami ɗan lakkol ɗaya mai karanta Faransanci, ya nemo takarda ɗaya da aka rubuta a kan kwarinsu, ya fassara ta a taron mako. Sa'an nan ku zauna da matan da suka yi aikin dutse tun suna da rai, ku rubuta wane itace suka dasa, a wane tsauni, wanne ya rayu. Reshen Ibohaman ya fara da maganar yashin baraji. Ku aiko mana da abin da kuka samu kafin ruwan shuka, za mu buga shi a wannan takarda.